Hotuna suna dagulewa idan na yi fotokwafin abin da firinta ta buga: ina neman shawara

Mai tambaya, daga Gwaram:

Assalamu alaikum, malamai da iyayen gida na wannan zaure. Ina da ɗan shagon buga takardu a bakin kasuwa, kuma duk ƙarshen zangon karatu makarantun ƙauyukan da ke kewaye da mu suna kawo mini tambayoyin jarrabawa. Nakan fitar da kwafi ɗaya a firinta mai tona (wato garin tawada), ta baƙi da fari, mai ɗigo 600 a inci, sannan in ɗora shi a injin fotokwafi in fitar da ɗari biyu ko uku. Rubutu yana fita tas, amma hoto da taswira ba sa yi. Makon jiya na buga taswirar Nijeriya da aka shafa wa yankuna launin toka iri huɗu, sai ga shi a kwafin da yara suka karɓa uku sun haɗe sun zama baƙi ɗaya, har malamin ya zauna yana bin takardun ɗaya bayan ɗaya yana sa lamba da biro. A manhajar zane ta CorelDRAW na ga wurin da ake saka yawan layukan ɗigo a inci, na ɗaga shi zuwa 150 da zaton babbar lamba ita ce inganci, abin kuwa ya ƙara lalacewa. Don Allah lamba nawa ya kamata in saka?

Wani dattijon maɗabi'i, daga Birnin Kudu:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi gyaran gangar auzinawa, domin rage lambar ya kamata ka yi. Firintarka ba ta san launin toka ba. Abu biyu kawai take iyawa, ko ta sa tona a wuri ko ta bar shi fari. Abin da ido yake gani toka-toka tarin ɗigo ne baƙaƙe da aka jera layi-layi, manya a inda ake son duhu, ƙanana a inda ake son haske. Ɗauki tsohuwar jarida ka kusanto da hoto idonka, za ka ga fuskar mutum ta tarwatse ta zama ɗigo kamar an watsa gero a tabarma.

Kowane ɗigon da kake gani kuma an gina shi ne da ƙananan ɗigon injin, shi ya sa akwai lissafi a ciki. Ka raba 600 da yawan layukan da ka zaɓa, ka ninka amsar da kanta, ka ƙara ɗaya, ka sami adadin matakan toka da injin zai iya bambantawa. A layi 150, amsar huɗu ce, wato mataki 17 kacal. A layi 75, takwas sau takwas da ɗaya, 65. A layi 60 kuwa 101. Ka ga da ka ɗaga lambar ka sayi laushin ɗigo ne da kuɗin matakan duhu. Ga kuma tona da ke ɗan bazuwa idan zafi ya narkar da ita a kan takarda, ta cike farin da ke tsakanin ɗigo. Injin fotokwafi ya zo ya ƙara nasa kaurin a kai. Idan tun farko tazarar siririya ce, a bugu na biyu babu sauran fari. Jarida, da takardarta ke shan tawada, wajen layi 85 take aiki da shi, mujallu masu sheƙi ne ke kai 133 zuwa 150, su kuma da injin da ɗigonsa ya haura dubu biyu ake yi musu farantin bugu, wanda ake ɗorawa a injin ɗab'i. Ga abin da za a yi wa fotokwafi, ka tsaya tsakanin 60 da 75, kusurwar layukan ɗigon kuma digiri 45, inda ido bai cika lura da jerin ba.

Wani mai zanen kwamfuta, daga Rano:

Bayanin Baba ya wadatar, sai dai in ƙara yadda ake aiwatarwa. Wannan zaɓi na CorelDRAW yana aiki ne da direban PostScript, wato manhajar da ke aika wa firinta shafi a tsarin da ake kira PostScript, tun da kuwa ka ga bambanci da ka canza lambar, to taka tana da shi. Waɗanda ƙananan firintocinsu ba su da shi su bi ta Photoshop: a mai da hoton Grayscale, sannan Bitmap, a sa 600 a wurin fitarwa, a zaɓi Halftone Screen, a rubuta yawan layi da kusurwa, siffar ɗigo kuma zagayayye. Sharaɗi ɗaya ne, kada a ƙara girman hoton ko a rage shi bayan haka, in ba haka ba wani zane kamar saƙar tabarma zai bayyana a kansa. A daidaita girma tukuna, ɗigo ya zo daga ƙarshe.

Wata mai shago, daga Kazaure:

Malam, ni ban ɗora wa firinta laifin duka ba. Duba injin fotokwafin naka: idan yana kan yanayin hoto, zai sake yanka nasa ɗigon a kan wanda ka riga ka yi, biyun su yi karo. Idan ɗigon asalin manya ne, yanayin rubutu ya fi kwafe su yadda suke, ka kuma rage duhu da mataki ɗaya. Ka kashe yanayin tsimin tona lokacin fitar da kwafin farko, ka yi shi a busasshiyar takarda mai nauyin giram 80, domin da damina takardar da ta kwana a buɗe takan sha danshi tona ta ƙi zama daidai. Game da taswira kuwa, ni na daina yarda da toka fiye da iri biyu a takardar jarrabawa. Yanki ɗaya nakan cika shi da layuka a tsaye, wani a kwance, wani a karkace, wani in bar shi fari, kuma ko tonar ciko ce mai rauni yaro zai bambance su.

Mai tambaya:

Allah ya saka muku da alheri, Baba da sauran 'yan'uwa. Yau da aka tada janareta na buga taswirar sau uku, a 60, da 75, da 85, na yi wa kowacce fotokwafi a yanayin rubutu kamar yadda Hajiya ta ce. Ta 75 ce ta fi: yankunan huɗu sun fito daban-daban, sunayen garuruwan da ke cikinsu ma suna karantuwa. Ta 60 ta fi tsabta, amma ɗigonta ya ci ƙananan haruffa, ta 85 kuma yankuna biyu mafi duhu sun fara kusantar juna. Saura hoton zuciya na darasin kimiyya, wanda aka turo mini ta WhatsApp. Shi ko a 75 bai fito da kyau ba, na ce wa malamin ya kawo littafin gobe in ɗauko shi da sikana.