Jirgin ƙasa ko shatar mota? Baba yana kan keken guragu

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki bara, yanzu sai a keke. Ranar Talata likita zai gan shi a Abuja, mu kuma muna Tudun Wada, Kaduna. Ni da ƙanena kawai za mu raka shi, ga Baba mai jiki ne. Motar gida babu. Mu bi jirgi daga Rigasa ko mu yi shata?

Abu Sadik: Allah ya ba Baba lafiya. Ku sa shi a motar gida ku kwantar da kujerar gaba, shi ke nan.

Maman Hanif: Malam, da akwai motar ai da ban tambaya ba.

Ɗan Rigasa: Jirgi, Hajiya. Awa biyu da ɗan wani abu, ba gargada, ga banɗaki. Sai dai ko a Kubwa kuka sauka ko a Idu, sai kun sake neman tasi.

Mai Keke: Ni shan inna ta taɓa ni tun ina shekara uku. Da sallar bara na je wata tasha zan tafi ɗaurin aure. Ɗan kamasho ya ce kujera biyu zan biya, na biya. Ya ce keke kuma kuɗin kaya. Na ce bawan Allah, wannan ƙafata ce, kai ana karɓar kuɗin ƙafarka? Ya ce in ban ji ba ga hanya. Suka cusa shi a but, suka ɗora buhunan albasa, suka ɗaure da igiya. Da aka tsaya a hanya kowa ya sauka ya kama ruwa, ni ina zaune ina kallo, wa zai kwance igiya saboda ni? Muka isa tayar dama ta lanƙwashe. Direba ko sannu, wai kaya sun gaji haka. Kwana tara ina jan gindi a gida kafin mai walda ya gyara. Hajiya, duk motar da kuka shiga, keken Baba ya zama shi ne ƙarshen shiga but, kuma kada a ɗora masa komai.

Ummu Zara: Innalillahi. Allah ya saka maka, Yaya. Mu shatar Sharon muka yi da Inna, dubu 60 zuwa da dawowa.

Abu Sadik: Dubu 60? Kafin a cire tallafin mai a 2023 ke nan. Watan jiya dubu 95 aka ce min, zuwa kawai.

Ummu Zara: Sun ga babbar riga ne.

Ɗalibin Lauya: Jama'a, akwai dokar hana nuna wa naƙasassu wariya fa. Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine da motocin haya, wa'adin ya cika a 2024. Mai nuna wariya tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, kamfani kuma miliyan ɗaya.

Ɗan Rigasa: Dokar tana Abuja, ita ma ba ta samu motar da za ta kawo ta ba.

Mai Keke: Ɗalibi, ka taɓa ɗaga mutum ka sa a mota? Zo ka karanta wa ɗan kamasho sashen, ina jiranka.

Ɗalibin Lauya: Haba Yaya, sai wanda ke kan keke ne zai yi magana? Shekara huɗu ina goya kakata.

Mai Keke: Goyo daban, zama daban. Ni abin da ya fi ci min rai ma adaidaita sahu. In tsayar da shi da kuɗina a hannu, ya rage gudu ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya wuce. Wai bara nake.

Ummu Zara: Ƙanwata mai sanda biyu har naira hamsin aka taɓa miƙa mata a bakin titi, tana hanyar ofis.

Abu Sadik: Ta karɓa?

Ummu Zara: Ta karɓa mana, ta cika kuɗin mota. Ku bar ta ƙofar banki ma, keke ba ya shiga, sai a fito maka da takarda ka sa hannu a rana.

Maman Hanif: Don Allah, keken Baba zai shiga ƙofar jirgin, ko sai an ɗauke shi?