'Yar haya ce ni, ambaliya ta ci gidan: ina da rabo a tallafin?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Ruwa ya shiga gidan da nake haya har ya kai taga, bango ɗaya ya faɗi. Yanzu ni da yara muna kwana a ajin makaranta. Da masu rajista suka zo, sunan mai gida kawai suka rubuta, alhali katifa, keken ɗinki da takardun yara da suka lalace duk nawa ne. Wai ɗan haya ba shi da rabo? Ga kuɗin hayar da na biya ko rabi ban cinye ba.

Tsohon Ɗan Agaji: Wa alaikumus salam, Allah Ya mayar da alheri. Kina da rabo. Tallafin kashi biyu ne: na gyaran gini yakan tafi ga mai gida, amma na abinci, kayan kwanciya da kuɗin kama wani ɗakin, na iyalin da ke zaune a ciki ne. Ki koma wurinsu ki ce a rubuta ki a matsayin iyali daban. Ki riƙe rasit ɗin haya. In ruwa ya tafi da shi, maƙwabta biyu su shaide ki. Ki ɗauki hoton layin da ruwa ya bari a bango da kowane kaya kafin ki zubar. Rajista kyauta ce, kuma kada ki ba kowa lambar sirrin asusunki, ko ya ce daga Red Cross yake.

Baba Magini: 'Yata, kada ƙuncin ajin nan ya sa ki koma da wuri. Bangon da ya sha ruwa yakan tsaya kamar lafiya lau, sai ya fara bushewa ya tsage ya rufto. Ki duba gindinsa: in kin danna da yatsa ya lotsa, ba wurin kwanan yara ba ne. Kada a kunna wuta sai mai gyaran lantarki ya duba. Ruwan rijiya kuma a tafasa shi, kwalara tana bin bayan ambaliya.

Maman Biyu: Na gode, Baba. To kuɗin hayar fa?

Tsohon Ɗan Agaji: Dokar haya ta bambanta daga wuri zuwa wuri. Ku zauna da mai gidan gaban shaidu: ko ya mayar miki da ragowar, ko a ƙirga miki watannin bayan gyara. Abin da kuka tsayar a rubuta, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi.