Abin da aka ce kan tsohuwar Volkswagen mai mutuwa a silo

Na tattara shawarwarin da aka ba yayana kan motarsa irin wadda ake kwana a ciki in ana tafiya, Volkswagen T3 ƙirar 1986 mai gado da murhu a ciki, yana son sayarwa amma da inji ya yi zafi sai ta mutu a silo, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba, wani lokacin ma a tsakiyar titi.

Mafi yawa sun ce a fara da mai. Motar ta daɗe a ajiye, tanki ya yi tsatsa, ai da aka ciro filta aka zazzage a farin kyalle sai ga garin tsatsa ja kamar barkono. A wanke tanki a sa sabuwar filta, sannan a kasa kunne ko famfon mai yana kuka idan an murɗa makulli.

Wasu kuma koyil, mai ba filogi wuta, suka zarga, wai in ta mutu nan take a cire wayar filogi a ga ko akwai wuta. Sai kuma a duba wayoyin as, wato waɗanda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, da suka yi kore, da robobin iska da suka tsattsage.

Ɗaya ya ce a sayar haka kawai a yi shiru. Wannan kam ban yarda ba wallahi, a gaya wa mai saye gaskiya a rage masa kuɗi.