Masu garmahon silinda, yaya aka yi naku ya fara magana?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Tun ran da na sa hoton injin nan nawa ake ta tambayata wai wane irin garmaho ne wannan ba wajen ɗora faifai. Toh shi ba faifai yake ci ba, silinda ce ta kaki mai rami a ciki, ana zura ta a jikin wani ƙarfe mai juyawa, allura na bin ta a kwance daga wannan gefe zuwa wancan, murya na fitowa ta ƙaho. Ba wuta ba batir, wana shi kawai ake da hannu. Shine yayan garmahon da kakanninmu suka sani. Thomas Edison, Ba'amurken nan mai ƙirƙire-ƙirƙire, ya ƙera na farko a 1877 da fallen kuza mai laushi, daga baya su Bell da Tainter suka shigo da kaki, shi ma Edison a 1888 ya koma kakin.

Nawa Edison Standard ne, na same shi a gwanjon kayan wani gida nan jihar Niyu Jasi ta Amurka, dama nan ne mahaifarsu don masana'antar tana West Orange, ɗakin binciken Edison na wurin yanzu ya zama gidan tarihi. Akwatin katakon lafiya lau, amma ina wanawa sai naji dum! dum! daga ciki, ashe giris ɗin sifirin ne ya daskare shekara da shekaru, sifirin na maƙalewa yana sakewa. Bel ɗin fata kuwa ina taɓa shi ya rabu biyu. Sifirin ban taɓa da kaina ba, na kai wa mai gyara, don abin nan in ya kufce daga gidansa zai iya yanke ma mutum yatsa. Dan Allah duk mai irinsa ko wanda ya taɓa riƙewa ya faɗa mana inda ya samu da abinda ya sha kafin ya ji sauti.

Maman Sadiƙ:
Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Ni nawa labarin na silindar ne ba injin ba, injin ɗan Edison Gem ne ƙarami bai ban wahala ba sam. A kasuwar tsofaffin kaya ta ranar Lahadi nan Ingila na ga kwali guda cike da su, mai kayan yace daga ɗakin ƙasa na gidan kakansa ya kwaso, da naji ɗakin ƙasa gabana ya faɗi don nasan danshin ƙasar nan. Kowace tana cikin nata gwangwanin kwali mai murfi, ciki an shimfiɗa auduga. Na buɗe ta farko baƙa wuluk tana sheƙi, ta biyu haka, ta uku kuwa sai ga wasu ɗigo ɗigo fari fari masu toka toka sun bi jikinta, fumfuna kenan. Kuma fa ba a sama take zaune ba balle a goge, cin kakin take, layin da muryar ke ciki shi ta cinye. Na sa ɗaya a inji don inji da kunnena, mutum na cikin waƙa sai shhhh sai ya dawo sai shhhh. Kusan rabin kwalin haka suke, kuma masu ruwan ƙasa ɗin nan tsofaffin su tafi ci, waɗanda su ne ma masu daraja. Audugar da aka sa don ta kare su ita ke riƙe danshin.

Amma masu kyan wlh sun biya ni. Abinda yafi burgeni kafin a fara kiɗa sai kaji wani namiji ya ɗaga murya ya faɗi sunan waƙar da kamfanin, don lokacin ba wajen manna takarda a jikin silinda. Ranar farko sai da Sadiƙ ya leƙa cikin ƙahon.

Malam Mai Agogo:
Hajiya sannu da haƙuri, fumfuna kam ba magani, sai dai a ware su daban kar su zauna da masu lafiya. Bari in ƙara wani abu don shi yafi kashe silinda a hannun sababbin shiga, wato allura. Silindar ba iri ɗaya bace. Akwai ta minti 2, irin baƙar da Edison ya fara fitarwa a 1902 da ake kira Gold Moulded, layi 100 ne a kowane inci. A 1908 ya kawo Amberol ta minti 4, girmansu ɗaya amma an matse layin ya zama 200 a inci, kakinta kuma gautsi gareshi sosai. Sai 1912 aka yi Blue Amberol, ita ba kaki bace, seluloyid ce wato irin robar farko, cikinta filasta. Kowace da kan allurarta, C na minti 2, H na minti 4, su biyun dutsen safaya ne, sai masu bakin daimon waɗanda na shuɗiyar ne kaɗai.

Na taɓa zuwa duba wani inji wajen wani dillali, don ya nuna min yana aiki ya ɗauko baƙar silinda ta kaki ya ɗora mata kan daimon mai nauyi, kafin ince tsaya ya saki. Ina kallo ɗan siririn garin kaki na taruwa a bakin allurar, waƙar na fita tana tafiya kenan har abada. Abu ya rayu sama da shekara ɗari, mutum ya gama da shi a minti biyu yana murmushi. Kuma ko allurar ta dace sai an duba giyar, don akwai sanda mai tiredi a baya da ke jan kan allurar, in injin na kan minti 2 ka sa ta minti 4 zai riƙa tsallake layi yana karce ta.

Abu Katsina:
Ni dai tambaya gareni ba faɗa ba, kuɗin da kuke zubawa a kan abinda zai yi waƙar Turawa minti biyu yana ƙara yana shhh, waya bata ishe ku ba? 😂

Maman Sadiƙ:
Abu kaje ka tsaya gaban ƙahon tukuna sai mu yi magana. Ba makirfo lokacin, mawaƙin bakin ƙaho ya tsaya ya rera, ƙarfin muryarsa ne ya girgiza allura ta yanka kakin, kai kuma yanzu ramin nan ne ke girgiza taka allurar. Ba abinda ya shiga tsakaninku, shi nake saye.

Alhaji na Gwale:
Toh ni nawa yana Kano, inaga ni kaɗai ne a nan da ya kawo shi gida. Amberola 30 ne, wanda ƙahonsa ke ɓoye cikin akwati, ƙanena ya haɗo min daga Amurka da shuɗayen silinda da 'yan baƙaƙe guda kaɗan. Injin ya iso ba ko kwarzane, abin da nauyi kuma ƙarfen da ne ba na yanzu ba. Shuɗayen ma duk sun iso. Baƙaƙen ne suka sha rana a bayan mota, aka shigo da su falo mai esi, can da dare muna zaune naji ƙas! na buɗe naga ɗaya ta tsage tun daga sama har ƙasa ba wanda ya taɓa ta. Kakin baya son a fito da shi daga zafi zuwa sanyi farat ɗaya, sai an bar shi cikin kwalinsa ya huce a hankali. Dama su injina ma ba zai iya da su ba kaman yadda Malam ya faɗa, don kallo na ajiye.

Don haka shawarata duk mai son kawowa Arewa ya tsaya kan shuɗiya, ita tana jure bazara. Matsalarta guda, wani lokacin taƙi shiga ƙarfen har ƙarshe saboda filastar ciki ta kumbura ko robar ta tsuke, kar a tura da ƙarfi, akwai ɗan abin kankarewa da ake ɗan rage filastar kaɗan kaɗan. Sai ƙurar hunturu, ita ce abokiyar gabar sandar tiredin nan, kullum a rufe yake da zane kuma ina ɗiga mata man keken ɗinki. Wani tsohon mai gyaran agogo ne ya wanke min giyoyin da kananzir, bai taɓa ganin irinsa ba amma yana buɗewa yace ai wannan agogo ne babba. Baffana da yazo ya gani yace shi garmahon faifai ya sani a gidan hakimi suna yara, wannan kam bai taɓa ji ba, ya zauna ya sa aka maimaita masa kiɗan badujala har sau nawa.

Ɗan Damagaram:
Ranka ya daɗe Alhaji Allah ya ƙara arziki. Mu nan Faransa Pathé ce ta cika kasuwa, kamfanin wasu 'yan'uwa ne da suka kafa a 1896. Abinda ya same ni shine na sayi inji a wuri ɗaya silinda a wani wurin, na zo gida silindar tana lilo a jikin ƙarfen don ta fi shi faɗi. Su Pathé girma daban daban suka yi, akwai daidai irin na Edison, akwai Salon mai ɗan faɗi wadda sai an zura wani ƙarin ƙarfe a kan na asali, akwai manya ma fiye da haka. Na daɗe ina neman ƙarin ƙarfen nan kafin wani dattijo ya sayar min. Sannan gudu, baƙaƙen Edison juyi 160 suke a minti, tsofaffi masu ruwan ƙasa kuwa ba su kai haka sauri ba kuma ba su da tsayayyen gudu, sai ka riƙa murɗa ɗan sukurun gudun kana saurara har muryar ta koma ta mutum.

Kuma ayi hattara da na jabu, musamman garmahon faifai masu ƙahon tagulla mai walƙiya da ake jerawa a shagunan 'yan yawon buɗe ido, yawancinsu haɗe haɗe ne na kwanan nan. Na silinda ba a cika yin jabunsa ba, sai dai a haɗa kan wannan da ƙahon wancan a ce maka asali ne.

Ummi Balin:
Ni ɗaliba ce banda kuɗin inji 😅 amma ta wata ƙofa na shigo. Nan Balin akwai rumbun sauti da Carl Stumpf ya fara a 1900, silinda dubbai da matafiya da masu bincike suka naɗo daga ƙasashe har da na Afirka, UNESCO ta sa shi cikin abubuwan tarihin duniya a 1999. Amfanin injin silinda a kan na faifai shine yana iya naɗa a ko ina, ka canza kai kawai ka sa sabon kaki, shi yasa suka riƙa yawo da shi. Wani Bature Northcote Thomas da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka aiki ya naɗi ɗaruruwa a kudancin Najeriya da Saliyo tsakanin 1909 da 1915, waƙoƙi da tatsuniyoyi a ƙasar Edo da ta Ibo, suna babban ɗakin karatu na Birtaniya. Na saurari wasu da aka mayar na kwamfuta, da ƙarar da komai, sai da tsigar jikina ta tashi, ga mutanen suna rerawa amma da yawansu ko sunansu ba a rubuta ba. Abu Katsina kaga ba waƙar Turawa kaɗai bace.

Wanda yake son ya ɗanɗana kyauta ya nemi rumbun silinda na jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara a intanet, sun sa sama da 10,000.

Baban Hanifa:
Ummi kin taɓo inda nake so. Ina da kan naɗin, kuma har yanzu akwai masu sha'awa da ke zuba sabon kaki mara komai suna sayarwa. Sai an ɗan ɗumama silindar da fitila tayi laushi, ka kafa baki cikin ƙaho ka yi magana da ƙarfi a rarrabe, garin kaki na zubowa kana hurewa. Na yi sallama na karanto sunayen yarana, da na mayar musu Hanifa tace wannan ba Abba bane wani tsoho ne.

Malam Mai Agogo tambaya ɗaya, sautin nawa yana ɗan zizara in mawaƙi ya ɗaga murya, allurar ce ta mutu?

Malam Mai Agogo:
Ba lallai ba. Kwance kan allurar ka duba 'yan zoben robar da ke riƙe da ɗan fallen cikinsa mai girgiza sama da ƙasa, in ba a taɓa canza su ba sun bushe ƙamas, iska na fita ta gefe, sababbi ba su da tsada. Ka sa madubin masu agogo ka duba safayar ma, in gefe ɗaya ya cinye ana iya juya ta. Sannan wajen ɗaukar silinda yatsa biyu ake zurawa ciki a buɗa su, kar hannu ya taɓa bayanta, a ajiye su a tsaye ba a kwance ba. Turo min hoton kan naka ta gaba da baya in ga wane ne, don Standard ɗin ma kala kala ne, in naka mara ƙofa ne a bakin ƙarfen da ake zura silinda akwai wani bushin, zoben da ƙarfen ke juyawa a ciki, da ke kumbura shi ma sai mun duba.