Neman shawara: ina so in haɗa littafin tafiyar da gida, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Anti, don Allah a saka min wannan amma a ɓoye sunana.

Ni malamar firamare ce a nan Kano. Yarana huɗu, babbar tana ƙaramar sakandare, autan kuma watansa bakwai. Mahaifiyar maigida tana zaune tare da mu, tana fama da hawan jini da ciwon suga, don haka ba duk abin da muka ci take ci ba. Maigida ɗan kasuwa ne, farkon wata yake ba ni kuɗin cefane a dunƙule, kuma Allah ya sani yana iya ƙoƙarinsa. Damuwata ita ce kuɗin ba sa kai ƙarshen wata, in ya tambaye ni inda suka shiga kuma ba na iya lissafa masa. Ga shi kullum na dawo daga makaranta wajen ƙarfe biyu sai in tsaya tunanin abin da zan ɗora, yara kuma ƙarfe huɗu za su wuce Islamiyya. Katin rigakafin jariri yana wani wuri, rasit ɗin kuɗin makaranta yana wani wuri, takardun asibitin Hajiya suna cikin wata leda daban.

Na ga matan Amurka a YouTube suna haɗa fayil guda mai zobe, su raba shi kashi-kashi, nan abincin mako, nan lissafin kuɗi, nan aikin gida, nan lambobin waya. Abin ya ba ni sha'awa, sai dai su suna da firiza da wutar da ba ta ɗaukewa, mu kuwa farashin safe daban na yamma daban. Akwai wadda ta gwada irin wannan ya yi mata aiki? Me zan sa a ciki, me zan bari?

Maman Sadiq

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na daɗe ina yi, kuma yana aiki. Amma kada ki fara da jadawalin girki ko kasafin kuɗi. Ki fara da sanin cin gidanki tukuna, domin wanda bai san abin da gidansa yake ci ba duk tsarin da ya rubuta zato ne kawai.

Ki sayi babban littafi mai kaurin bango, irin na rajistar makaranta, ki ɗaura masa biro da zare ki rataye shi a kicin. Wata guda cur kada ki tsara komai, rubuta abin da ya faru kawai. Shafin hagu na kayan sito ne: ranar da kika buɗe galan ɗin man gyaɗa ki sa kwanan wata, ranar da ya ƙare ki sa a gefensa. Haka gas, ranar da aka cika da ranar da ya mutu. Haka shinkafa, gari, wake, suga, omo, sabulu, katin wuta. Shafin dama na kuɗin da ya fita daga hannunki ne a ranar, kome ƙanƙantarsa: markaɗe, biredi, ruwan leda, kuɗin tara na yara, adaidaita sahu, data, gudummawar suna, sadakar almajiri. Ki sa farashin kowane abu a gefe.

In wata ya cika za ki ga abu biyu. Na farko, za ki san kwana nawa kowane abu yake yi muku, ta yadda gas ba zai ƙare miki tukunya tana kan wuta ba. Na biyu, za ki ga ƙananan abubuwan shafin dama su ne suke cinye kuɗin, yawancinsu kuma ba cefane ba ne. Gudummawar biki da kuɗin mota daga kuɗin miya suke fita ba tare da mace ta lura ba.

Fayil mai zoben kuma ki saye shi, amma na takardu ne, a ɗaki zai zauna. Abin da yake kicin dole ya sha mai da ruwa, bai kamata takardar haihuwar yaro ta je kusa da nan ba.

Ummu Hanan

Na yarda da Maman Sadiq, sai dai ni ina ganin za ki iya fara tsarin girkin tun yanzu, tunda shi ne yake cin ranki kullum. Abin da ba ya ɗorewa shi ne ki rubuta "Talata da rana doya da miyar ƙwai". Ranar Talatar ta zo doya ta yi tsada, shi ke nan jadawali ya rushe.

Ki ware shafi ɗaya ki jera duk abincin da mutanen gidanki suke ci ba tare da ƙorafi ba, ki raba su gida biyu, mai sauri da mai cin lokaci. Garau-garau, taliya da manja da yaji, dafa-duka, ɗanwake, faten tsaki, kwaɗon zogale da garin rogo, duk masu sauri ne in an yi shiri tun dare. Dambu, waina, sinasir, alale, funkaso, waɗannan na Asabar da Lahadi ne. Litinin zuwa Laraba, da yake ga boko ga Islamiyya, ba ki da abin yi da rana sai mai sauri. Alhamis da Juma'a yawancin Islamiyyu suna hutu, kina da sarari ki yi shinkafa da miya a natse. Da dare tuwo ya fi rufin asiri, ki riƙa juya miyar kawai, kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, taushe, ki ɗan ƙara hannu don a samu ɗumamen safe.

A ƙasan kowace rana ki bar layi ɗaya na "shirin gobe". A nan za ki rubuta jiƙa wake, tsince shinkafa, jiƙa geron kunu, aika markaɗe. Wannan layin shi ya fi komai sauƙaƙa min rayuwa. Kayan miya kuma ki markaɗa da ɗan yawa ranar Lahadi, ki tafasa har ruwan ya ƙone, ki soya da mai. Ko babu wuta zai yi miki kwana biyu in kina ɗumama shi safe da yamma, amma lokacin zafi kada ki ja shi ya wuce haka.

Hajiya Babba

'Yata, mu a zamaninmu ba mu rubuta komai ba, da ido da mudu muka riƙe gida. Amma mu ba ma fita aiki, kuma farashi yakan shekara bai motsa ba. Ke ki rubuta abinki, Allah ya yi albarka.

Abin da zan ƙara miki shi ne ku yaran yanzu lissafinku na wata ne, alhali abinci lissafin shekara gare shi. Ki ware shafi ki jera watanni goma sha biyu. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, masara da gero da dawa da wake suna sauka, lokacin ne maigida zai shiga Dawanau ya ɗauko buhu in da hali, ko ku haɗa kuɗi da maƙwabciya ku raba. Tumatir da tattasai da attaruhu kuma da rani suke araha, sa'ad da kayan lambun Kadawa da Kura suke cika 'Yankaba. Ki sayi kwando ki yanka ki shanya, ki yi kauɗarki, domin da damina ta kama sai tumatir ya gagari talaka. Kuɓewa da zogale ki busar da naki a lokacinsu. Ki sa alamar azumi da sallolin nan biyu a shafin, ki tuna duk shekara azumi yana matsowa da kamar kwana goma sha ɗaya, don haka gero da suga da man azumi tun Rajab ake fara tara su. Watan komawa makaranta ma ki yi masa alama, Satumba da Janairu da bayan hutun zango na biyu.

Waken da za ki ajiye ki shanya shi ya bushe ƙayau, ki ɗura a jarka mai tsabta ki cika ta har baki, ki toshe yadda iska ba za ta shiga ba. Ko ki nemi buhun PICS mai leda biyu a ciki. Kada wani ya ce ki zuba masa maganin ƙwari, abin da 'ya'yanki za su ci ne.

Maman Iman

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan waken nan. NAFDAC ta sha gargaɗi a kan zuba wa wake fiya-fiya da dangoginsa, kuma saboda irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Jarka ta wadatar.

Anti Nas

Ƙanwata, ni ma'aikaciyar jinya ce, ɓangaren lafiya zan yi magana. A fayil ɗin ki ba kowane mutum ledarsa guda. Ta Hajiya ita ce gaba. A takarda ɗaya ki rubuta sunayen magungunanta kamar yadda suke jikin kwali, nawa take sha, ƙarfe nawa, ranar da za su ƙare, da ranar komawa asibiti. In kuna da na'urar awon jini ko ta suga a gida, duk awon da aka yi a rubuta da kwanan wata da lokaci. Kullum muna ganin an kawo tsohuwa cikin dare, a tambayi maganin da take sha a ce "wani fari ne ƙarami". Takardar nan tana iya ceton rai.

Abincinta kuma ba sai kin ɗora tukunya biyu kullum ba. Ki ɗebi miyarta kafin ki ƙarasa sa gishiri da magi, ki rage mata malmala ki yawaita ganye da wake, kunu da shayi ba suga. Mai shan maganin suga ba a barin sa da yunwa, don haka ki rubuta abin da za a ba ta da hantsi sa'ad da kike makaranta, da wanda zai ba ta. Sauran ƙa'idar ki tambayi likitanta, ki rubuta abin da ya ce a takardar.

Autanki wata bakwai, saura wata biyu ke nan allurar ƙyanda da ta shawara ta wata tara, sai ƙyanda ta biyu a wata goma sha biyar. Ki rubuta ranakun a bangon littafin kicin inda idonki zai riƙa gani. A ledar kowane yaro ki sa rukunin jininsa da sakamakon gwajin sikila, da duk maganin da jikinsa ba ya so.

Maman Twins

Ni dai ina da ja a kan rubuta kuɗi. Wani namijin da ya ga littafi sai ya mai da shi abin tuhuma, kullum "kawo in gani", naira hamsin ma sai kin yi bayani. Ki san halin mijinki kafin ki nuna masa.

Maman Sadiq

Maman Twins, maganarki tana kan hanya, maza suna suka tara. Amma ita ta ce yana tambaya ba ta da amsa, rashin amsar shi yake kawo zargi. 'Yar'uwa, kada ki kai masa littafin ranar da rai ya ɓaci ko ranar da kuɗi suka ƙare. Ki bari wata ya cika, ya ci ya huta, ki ce kina so ya taya ki duba wani abu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 babu abin da bai tashi ba, shi ma ɗan kasuwa ne ya sani, amma ganin farashin farkon wata da na ƙarshensa a rubuce ya fi a faɗa masa da baki. Ki roƙe shi ya ɗauke miki manyan kaya, hatsi da mai da gas da kayan masarufi na kasuwar Singa, ya bar miki cefanen yau da kullum, kuma ya riƙa ba ki mako-mako maimakon a dunƙule. Albashinki da adashinki ki yi musu ƙaramin littafi daban, kada su cakuɗe da na gida.

Amaryar Alhaji

Mu biyu ne, kwana bibbiyu muke yi, sito ɗaya. Yaya ce ta kawo shawarar littafi, duk mai girki ta rubuta mudun da ta ɗiba da abin da ta dafa. Yanzu ba a maimaita wa yara abinci ɗaya kwana huɗu a jere, kuma maganar "wa ya ƙarar da mai" ta mutu.

Ummu Abdallah

Don Allah kada ki rubuta lambar sirrin katin banki ko BVN a ciki, littafin kicin kowa yana buɗawa. Takardun haihuwa, NIN, sakamakon makaranta da takardar haya ki yi fotokofinsu ki sa a fayil, na asalin su zauna a akwati mai makulli. Ki kuma ɗauke su a waya. Shafin farko ki sa lambar maigida, ta maƙwabciya, ta mai adaidaitan da kuka amince da shi, da ta mai gas da mai ruwa, don ko ba kya nan yara su san wanda za su kira.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Hajiya Babba na gode da tunin kaka, zan yi wa Abbansu maganar wake da masara. Tambaya ɗaya ta rage min. Da dare a gajiye nake, ga goyo ga shirin darasin gobe. Ina tsoron in fara in kasa ɗorewa. Yaushe kuke samun lokacin rubutun?

Ummu Hanan

Ba da dare ake yi ba, a take ake yi. Kin ba da kuɗin markaɗe, ki rubuta kafin yaron ya fita ƙofa, shi ya sa biron yake ɗaure. Shafin sito kuma ki damƙa wa babbar 'yarki, ita za ta riƙa sa ranar buɗewa da ranar ƙarewa, ta kuma karanto miki abin da ya kusa ƙarewa duk ranar Juma'a. Naki shi ne zaman minti goma ranar Lahadi bayan la'asar, ki duba abin da yake sito, ki zaɓi abincin mako daga jerin nan, ki fitar da abin da za a sayo. In kwana biyu sun wuce ba a rubuta ba, ki ja layi ki ci gaba daga ranar da kike, kada ki tsaya cike gurbi da ka.