Ramukan dutse: aikin ruwa ne ko na mutanen da?

Auwalu ne ya tayar da zancen a zauren zumuncinmu na WhatsApp nan Bauchi. Ya turo hoton wani kwazazzabo da ya ziyarta a Afirka ta Kudu, wurin da ake kira Bourke's Luck, inda kogin Treur ya haɗu da kogin Blyde. Dutsen duk ramuka ne zagayayyu kamar turame.

Auwalu: Jagoranmu ya ce ruwa ne ya fafe su.

Kawu Bala: Ruwa? Haba Auwalu. Wannan sumul ɗin sai hannun mutum. Ka manta rijiyoyin Dukkey na Yankari? Guda 139, a cikin dutse, kuma mutane suka haƙa.

Auwalu: Gaskiya ne Kawu, amma waɗannan a tsakiyar kogi suke. Wa zai haƙa rijiya inda ruwa ke gudu?

Kawu Bala: Wa ya ce maka a da kogin nan yake bi?

Anti Rabi: Yaya, ba ruwan kaɗai ba ne. Idan kogi ya kawo, yakan ɗauko tsakuwa da yashi. Sai ƙwaya ɗaya ta maƙale a ɗan tsagi, ruwa ya riƙa juya ta kamar ana tuƙa tuwo. Damina bayan damina ramin na zurfi, tsakuwar na cinyewa, wata na maye gurbinta. Auwalu, ka leƙa ciki?

Auwalu: Daga kan gada na hango, Anti. Akwai duwatsu mulmulallu kwance a gindin wasu.

Anti Rabi: To su ne taɓaren.

Goggo Asabe: Ni dai na san na kan dutsen ƙauyenmu. Kakanninmu mata suka yi su da niƙan dawa, har yau idan ka shafa za ka ji santsi.

Anti Rabi: Waɗancan daban ne, Goggo. Na niƙa dogaye ne, zurfinsu bai wuce tafin hannu ba, kuma a jere suke inda mace za ta durƙusa. Na kogi kuwa wani sai ya shanye mutum a tsaye, cikinsa ya fi bakinsa faɗi.

Kawu Bala: Tulu ma cikinsa ya fi bakinsa faɗi, kuma ba ruwa ya gina shi ba.

Auwalu: Allah ya ja zamanin Kawu, ba a kayar da kai!

Kawu Bala: Kai dai turo hoton gindin ramin tukuna, in ga taɓaren da idona.