Sun ji labarin buhun a rediyo, me ya hana su saya?

Mai_Tambaya: Assalamu alaikum. Malaman gona, ku taimaka. Manoma da yawa sun ji labarin buhun PICS, mai hana iska shiga, amma kaka na yi sai su koma zuba magani a hatsi. Shin labarin ne bai isa ba, ko hanyar da yake zuwa ce matsalar?

Malamin_Gona: Wa alaikumus salam. Rediyo aikinsa sanarwa ne. Zai sa manomi ya san sunan abu, amma mutum ba ya zuba abincin shekara cikin buhun da kunne kawai ya ji. Shi ya sa da Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗa buhun a 2007, ta dogara da gwaji a bainar jama'a. A cika buhu da wake gaban mutanen gari, a ɗaure, a bar shi hannun wani manomi cikinsu, sai bayan watanni a taru a kwance. A gefe ga na buhun gama-gari, ƙwari sun mai da shi gari. Wanda ya damƙi waken nan ya ga babu huda ba ya bukatar lacca.

Mai_Rumbu: Malam, haka ne, amma akwai inda labarin yake lalacewa: bakin maƙwabci. Abin da ke yawo shi ne buhu ne mai kashe ƙwari, sauran bayanin ya faɗi a hanya. Buhun hawa uku ne, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ba magani ke aiki ba. Ƙwarin ne ke shanye iskar da ta rage har su mutu. Don haka kafin zubi a hura kowace leda a toshe bakinta a danna, in ta sace akwai huda. Bayan an cika a matse iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa, a ɗaure ta ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje. Masu haɗa ukun su ɗaure da igiya ɗaya su ne ke cewa buhun ƙarya ne.

Sai danshi, wanda ya fi komai ɓata suna. Danshin masara kada ya wuce kashi 13 cikin 100. In babu na'urar auna danshi, a zuba hatsin cikin busasshiyar kwalba zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara busasshen gishiri cokali biyu, a girgiza, a jira minti 15. Gishiri ya manne a jikin kwalba? A koma shanya. In aka rufe shi da laima, fumfuna za a tarar, kuma labarin buhu ɗaya da ya ruɓe ya fi na goma masu kyau saurin zagaya gari.

Jami'ar_Ajiya: Ku ƙara da dila, don shi ne na ƙarshe da manomi ke magana da shi kafin ya biya. In bai san ɗaurin ba, ko maganin feshi ya fi kawo masa riba, can zai karkatar da mai saye. In kuma buhun ba ya kusa lokacin girbi, duk wayar da kan ta tashi a banza. A koya wa dila ɗaurin, kuma a nuna wa matan gida, tunda su ke ɗiba kullum: buhun ajiya daban, na ci daban, a ɗora shi kan katako nesa da bango saboda ɓera.